Fiton Motar Mai Kemis, Wanda Ba Ni Na Sa Ba

Zuwa ga Yayana, babban wa magajin Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, a durƙushe, ko da yake ba ka nan balle ka tabbatar ko da gaske na durƙusa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya sa albarka a cikin neman da ya kai ka nesa da mu, ya tsare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya dawo mana da kai muna raye kana raye. Mu nan duk lafiya, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta, kuma ta koma iya bin mutum da muciya, wannan ni ne shaida. Autarmu ta fara koyon ɗinki, ta ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na sa ta haka nan na je gareji don kada ranta ya ɓaci. Rufin ɗakinka da ke yoyo mun gyara shi, ba wanda ya taɓa maka kaya, in ban da takalmin nan naka mai ruwan ƙasa, wanda nake zagayawa da shi lokaci-lokaci don kada ya manta da tafiya.

Yaya, na san saƙon Kawu ya riga takardata isowa gare ka. Na san ya ce maka na kunyata shi a gaban mutumin kirki, ya karɓe mabuɗin akwatin kayan aikin da ka bar mini, kuma zamana a garejinsa ya ƙare. Na san kuma yadda abin zai yi maka ciwo, tunda kai ka riƙe hannuna ka kai ni wurinsa, ka ce masa in na yi ba daidai ba kai ka yi. To ka gyara zama, ka ce matarka ta ba ka ruwa, ka ji yadda aka yi daga bakin wanda aka zarga.

Ka tuna Mai Kemis na bakin titi, mai farar motar nan da yake gogewa da hankici in ƙuda ya sauka a kanta? Ranar Litinin ya shigo gareji rungume da kwali kamar an ba shi jariri. A ciki akwai sabuwar iyakilina ta gayu: bututun ƙarfe mai walƙiya, tsawonsa kamar kamu ɗaya, da jar matatar iska a bakinsa mai siffar mazurari. Ya ce a cire masa tsohon baƙin akwatin roban da motar ta zo da shi a sa wannan, wai an gaya masa injin zai riƙa shaƙar iska sosai, ya yi gurnani kamar na 'yan tsere. Mutumin da ban taɓa ganin ya wuce giya uku ba! Kawu ya jujjuya abin, ya ce ba don irin motarsa aka ƙera shi ba, domin babu bakin da za a cusa siririn tiyon nan da ke fitowa daga murfin saman inji. Mai Kemis ya ce shi dai a san dabara. Sai aka kira Mai Walda, ya huda bututun a tsakiya, ya zura ɗan guntun ƙarfe mai rami, ya liƙe shi, aka sa tiyon a jiki. Kawu ya ɗaura komai da hannunsa. Ni abin da na yi kawai shi ne ɗaure maɗauran roba biyu da goge wurin, lokacin da suka tafi alwalar azahar. Wannan minti goman da na yi ni kaɗai da motar, su ne suka kusa cinye ni.

Washegari da hantsi sai ga Mai Kemis, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Tun daga kwanar layinmu muka ji shi kafin mu gan shi, domin motar fito take yi, siriri, mai tsawo, irin wanda saurayi marar kunya ke yi a bakin hanya. Ya fito ya ce tun jiya duk inda ya ɗan taka totur sai mutane su waiwayo. Masu babur uku sun tsaya suna tambayarsa ina za a kai shi. Abin da ya fi ƙona masa rai, a gaban makarantar 'yan mata wata malama ta tako har bakin tagarsa ta ce ya ji tsoron Allah da furfurarsa, alhali uwargidansa na zaune a gefensa. Yaya, wallahi na yi ƙoƙari. Na ciji leɓe, na kalli ƙasa, na tuna ranar da Baba ya rasu. Amma dariyar ta ƙwace, har na zauna a kan taya. Da na ɗago, sai na ga gareji duka ni yake kallo.

Ba sai na gaya maka dalili ba. Ka san bara ni na cusa usur a salansar babur ɗin Mai Walda, ya yi kwana biyu yana yawo gari yana busa kamar alƙalin wasa. Wancan ni ne, na amsa, na sha hukuncina. Saboda haka ba wanda ya tsaya tambayar me ya sami motar, tambayar kowa ita ce ina na ɓoye abin. Mai Walda ne kan gaba, har da rantsuwa, wai ya san aikin hannuna ko a cikin barci. Na rantse ban sa komai ba, suka ce haka na rantse bara, kuma gaskiyarsu ne. Suka sauke salansa tun daga wuya har wutsiya, suka girgiza ta, suka leƙa da tocila. Suka cire bamba, suka ɗaga kujeru, suka zazzage but ɗin baya inda ake zuba kaya. Mutum huɗu, manyan makanikai, yini guda suna neman abin da babu shi. Da la'asar Mai Walda ya ce a laluba aljihuna. Yaya, sai ga usur, sabo fil, a aljihun wandona. Na rantse maka da wanda ya halicce ni, wani mutum daban na tanadar wa shi, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu bai san Allah ya tsare shi ba. Amma je ka yi wa Kawu wannan bayanin.

Kawu bai ɗaga murya ba, kuma ka san wannan ya fi muni. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗin akwatinka. Ya ce Mai Kemis zai dawo ɗaukar motarsa ranar Alhamis da azahar, in na fito da abin da na sa kafin nan, zai bar ni in tafi salin-alin, in ban fito da shi ba zai kore ni a gaban kowa, amma ko ta yaya ba zan ƙara taɓa motar mutane a wurinsa ba. Ya nuna mini bencin da masu jira ke zama ya ce nan ne wurina. Duk wannan na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba a gida yake. Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗauki muciya ba. Ta zuba mini abinci, ta zauna kusa da ni, ta ce cikin lallashi, in don ita ne, in je in cire abin nan kawai, ita za ta roƙi Kawu. Wato ita ma ba ta yarda da ni ba. Na ture kwanon gefe. Ranar na gane mutum zai iya yin wasa har ya wayi gari ba shi da shaida ko ɗaya a gidan ubansa.

Laraba na yini a benci. Da suka gaji da neman usur, sai Kawu ya fara shakka a ransa, ko da yake bai faɗa ba, ya ce a canja fambel ko shi ne. Aka canja, fito na nan. Aka ce altaneta, aka kunce, aka duba, lafiyarta lau. Ni kuwa an hana ni hannu, sai kunne ya rage mini. Ka tuna yadda Malaminmu na makarantar allo ke kishingiɗe ido rufe, mu arba'in muna karatu kowa da inda yake, amma ya kira sunan wanda ya karkace a harafi ɗaya? Haka na rufe ido na ware gurnanin inji gefe, ƙarar guduma gefe, na bi fiton shi kaɗai. Sai na lura in motar tana silo, wato injin na aiki ba a taɓa totur ba, babu shi. In an ɗan taɓa totur sai ya fito. In an taka sosai sai ya ɓace. In an saki ƙafa, nan take yake yankewa, alhali injin bai gama saukowa ba. Da abu mai juyawa ne, da zai bi juyin inji yana hawa yana sauka tare da shi. Wannan ƙafar direba yake bi, wato iskar da ke shiga. Kuma ni, Yaya, duk garejin nan ba wanda ya kai ni sanin yadda iska ke zama fito, tunda na ɓata ƙuruciyata ina sassaƙa usur da gidan biro da karan gora.

Safiyar Alhamis na je na durƙusa gaban Kawu, na roƙe shi awa ɗaya. Na ce ba na son sifana ko sukundireba, hannuna kawai, da guntun tiyo, da maganin sauro mai hayaƙi. Ya ce ya yarda, da sharaɗin Mai Walda zai tsaya a kaina yana kallon yatsuna, kada in zare abin a ɓoye in ce gyara na yi. Mai Walda ya naɗe hannun riga da murna, ya manne mini kamar kaska. Zatona na farko iska ce ke satar hanya ta wata 'yar kafa a mahaɗar roba, wataƙila ma a maɗauran da ni na ɗaure. Na kunna maganin sauro, na sa aka tayar da mota tun injin na da sanyi fanka ba ta fara kaɗawa ba, na bi kowace mahaɗa da hayaƙin a hankali, sama da ƙasa, don in akwai kafa za ta zuƙe shi mu gani. Hayaƙi ya miƙe sama abinsa, ko karkata bai yi ba. Na sake bi, haka. Gareji ya fashe da dariya. Mai Walda ya ce ai ga shi nan, mota lafiyarta ƙalau, yanzu sai in daina yi wa sauro wa'azi in fito da kayana. Gumi ya jiƙa mini rigar Auta. Kawu ya duba agogo.

Sai na ɗauki tiyon, na sa baki ɗaya a kunnena, ɗaya bakin ina bin jikin bututun da shi, wani yana riƙe da totur daidai inda fiton ke tashi. A bakin matata shiru-shiru. A wuyan inji gurnani kawai. Ina kaiwa tsakiya, daidai wurin da aka yi walda, sai da na ji kamar an soka mini allura a kunne. Na ajiye tiyon, na kama siririn tiyon da ke shiga wurin, na matse shi da yatsu biyu. Muryar fiton ta canja nan take, ta ƙara sirancewa. Na saki, ta dawo. Na matse, na saki, na matse, na saki, har sai da motar Mai Kemis ta yi mana ɗan kiɗa. Dariya ta tsaya cak. Na juya na ce wa Mai Walda, da ladabi iya ladabi, tunda ni an hana ni taɓa ƙarfe, ya taimaka ya kunce bututun da hannunsa mai albarka. Ya kunce. Na zura hannu ciki, yatsana ya ci karo da shi. Guntun ƙarfen da ya liƙa bai tsaya daidai da bangon bututun ba, ya leƙo ciki kamar gaɓar yatsa ɗaya, bakinsa a yanke a karkace, da kaifi kamar reza. Duk iskar da injin ya ja sai ta bi ta kan wannan bakin, kamar yadda ake hura bakin kwalba. Yaya, da ni na zauna na ƙera usur da gangan, ba zan yi wanda ya kai wannan kyau ba.

Na san in na tsaya bayani da baki za a ce wayo ne. Sai na ɗauki bututun na miƙa wa Kawu, na roƙe shi ya riƙe da kansa ya biyo ni wurin mai faci na maƙwabta. Gareji duka ya biyo mu, har da mai shayi da ludayinsa a hannu. Na ce wa mai faci ya sa bakin injin iskarsa ya hura ta cikin bututun a hankali. Babu mota, babu salansa, babu aljihuna, bututu ne tsirara a hannun Kawu. Sai ga fiton nan ya tashi, shi ɗin dai, siriri mai tsawo, har wata mai tallar lemo ta waiwayo daga tsallaken titi. Kawu ya kusa sakin abin. Sai wuri ya kaure. Mai shayi yana buga ludayi a kan ganga, mai faci ya ƙi daina hurawa, yara suna tsalle. Mai Walda kuwa ya tsaya baki buɗe, yana kallon yadda aikin hannunsa ke rera waƙa. Ban ce masa komai ba, wallahi, illa na tambaye shi a hankali ko yana ɗaukar almajirai, don ina so in ƙaro ilimi.

Amma in faɗi gaskiya, namiji ne. Ya karɓi bututun bai yi musu ba, ya zauna da magagari ya goge bakin ƙarfen har ya yi daidai da bango, ya shafa da yatsa ya ji sumul, ya wanke garin ƙarfen tas don kada inji ya shaƙa. Aka mayar da komai. Kawu ya shiga gaba, ya ce in zauna a gefensa. Muka zaga layi sau uku, ya taɓa totur kaɗan, ya taka da yawa, ya saki, ya sake taɓawa, yana nema da gangan. Babu komai sai gurnanin da Mai Kemis ya saya da kuɗinsa. Da Mai Kemis ɗin ya zo da azahar aka gaya masa yadda aka yi, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in yafe masa zaton da ya yi, har ya ce duk ranar da kaina ya yi ciwo in zo shagonsa. Na ce masa ya gaishe da uwargida, ya kuma shaida mata malamar nan ba ta yi ƙarya ba, an yi fito, sai dai ba shi ya yi ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko da na ga haƙoransa.

Kawu dai ka san shi, kalmar ban haƙuri ba ta taɓa kwana a bakinsa ba. Bayan an watse ya kira ni bayan rumfa, ya ciro mabuɗin daga aljihu ya sa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce shekararsa talatin yana wannan sana'a, amma ya yini biyu yana binciken yaro maimakon ya binciki mota. Ya ce daga yau duk motar da ta shigo da ƙarar da ba a gane ba, ni zan fara saurarenta kafin kowa ya ɗauki sifana. Sannan ya ƙara da cewa rabin laifin nawa ne, domin ni na mai da rantsuwata abin da ba ya sayen ko ruwan sha, kuma ban yi masa gardama ba. Da na isa gida na tarar labari ya riga ni. Inna tana tsaye a ƙofa, ta kama kunnena, wannan da ya yi aikin, ta ja shi kaɗan, ta ce Allah ya yi mini albarka, idonta cike da hawaye. Ta ce ita ma ta yi zato, in yafe mata. Yaya, gara ta bi ni da muciya sau goma da in ƙara jin wannan daga bakinta.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, ta ga ka rame a hoton da ka aiko. Auta tana gaisuwa, tana neman awon kafaɗarka, ina ba ka shawara ka ce ka manta. Gwaggo da mijinta suna gaisuwa. Ka gaishe mini da matarka, ka ce mata mijinta na gaskiya yana nan ya zama babban mutum, ta fara shirin dawowa. Ka shafa mini kan Mai Sunan Baba da 'Yar Lele, ka ce musu Baffansu yana kewarsu. Mai Walda ma ya ce a gaishe ka, da ƙaramar murya.

Kawu ne ya ce in rubuto maka, in ce ka yi watsi da saƙonsa na farko, don shi ba zai iya maimaita maganar sau biyu ba. Na ce masa ai ba za ka yarda da ni ba sai da shaida, ni da aka sani. Sai ya sa na karanta masa takardar, ya gyaɗa kai, ya dangwala babban yatsansa a ƙasa. Wannan baƙin tabon da kake gani kusa da sunana, yatsan Kawu ne da baƙin mai, ka san shi da tabon yankan nan a tsakiya. Sai dai in kun yi magana kada ka zurfafa, domin wajen karantawa na tsallake masa wurare biyu ko uku.

Wassalam. Naka har kullum,
ƙaninka da kuke kira Ƙaiƙayi.